Daga Gizo zuwa Ibro: Yadda Birnin Kano Ya Naɗa wa Wauta Rawani

A Amurka, masu karanta littattafan zane na jarumai suna da wata gardama da ba ta jin kira: cikin ɗimbin jaruman da kamfanonin DC da Marvel suka ƙirƙiro tun bayyanar Superman a 1938, wane ne ya fi kowa shirme? Wasu su ce Matter-Eater Lad ne na 1962, wanda iyakar baiwarsa ita ce babu abin da ba ya iya ci, ƙarfe ne ko dutse. Wasu su ce ba a yi kamar Arm-Fall-Off-Boy na 1989 ba, gwarzon da ke cizge hannunsa daga kafaɗa ya maka wa abokin gaba. Akwai kuma Squirrel Girl ta 1991, yarinya mai wutsiyar kurege, wadda a fitowarta ta farko ta tara rundunar kurege suka kunyata Doctor Doom, ɗaya daga manyan mugayen Marvel.

Mutumin da ya tashi a cikin ganuwar Kano ba zai ga wani abin mamaki a wannan musu ba, don irinsa ake tafkawa a majalisar ƙofar gida bayan sallar isha'i. Dattijo ya dage cewa ba a taɓa yin kamar Samanja ba, magidanci ya rantse Ibro ya shafe kowa, wani daga gefe ya ce duk cikinsu almajiran Gizo ne. Inda Kano ta sha bamban da Amurka shi ne, a can mai shirme ɗan rakiya ne a gefen manyan jarumai. A nan kuwa an ba shi muƙami, an ware masa lokaci, an kuma shata masa iyaka. Tarihin barkwancin birnin, tarihin wannan izini ne da yadda aka yi ta jan igiyarsa.

Kakansu duka shi ne Gizo. Tun kafin Marvel ta mai da gizo-gizo jarumin ceto da sunan Spider-Man a 1962, iyaye mata a Yakasai da Mandawari da Dala sun daɗe suna ba yara labarin nasu Gizon: matsoraci, makwaɗaici, mai tsamin baki, mijin Ƙoƙi. Ba ya da ƙarfi ko na anini, amma yakan haɗa giwa da dorina faɗa, ya yaudari kura, ya cinye abin da aka ba shi ajiya, sannan kwaɗayin nasa ya kai shi ya baro. Frank Edgar ya tattara irin waɗannan labarai a Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, mujalladi uku tsakanin 1911 da 1913. Daga baya Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya, ɗan Kano, ya mayar da su hannun 'yan makaranta a jerin littattafansa na Tatsuniyoyi da Wasanni.

Ko Gizo ma da lokacinsa. Tatsuniya ta dare ce, yaron da ya nemi a yi masa da rana sai a tsorata shi da cewa zai ɓata. Da gari ya waye, Gizo ya koma saƙarsa, kowa ya kama aikin gabansa.

A fada ma an san da wannan tsari. Sarakunan ƙasar Hausa sukan ajiye wawan sarki, mutum ɗaya tilo da zai iya faɗin abin da waziri ke tauna wa a ciki, ya faɗe shi cikin raha, a yi dariya, amma saƙo ya isa. Akwai kuma wasan gauta, inda matan cikin gidan sarauta kan yi shigar sarki da hakimansa, su kwaikwayi tafiyarsu da maganarsu da yadda suke yanke hukunci. Mai mulki yakan ga kansa a jikin wasu, ya gane abin da talakawa ke gani. A ƙauyuka, samari na yin makamancin haka a bikin kalankuwa bayan kaka, su naɗa nasu sarki da alƙali na 'yan kwanaki.

Amma babu inda wannan al'ada ta fi fitowa fili kamar watan azumi. Da an sha ruwa goma, lungunan birni sai su cika da 'yan tashe. Ga yaron da ya manna auduga a haɓa, ya cusa tsumma a baya ya yi doro, yana dogara sanda yana rawar jiki, wai shi tsoho da gemu. Ga Jatau mai magani da tarkacen saiwoyi da ƙulle-ƙulle, yana lissafa cututtukan da zai warkar, abokansa na amsawa. Ga wanda ya naɗa ƙaton rawani, ya riƙe allo da tasbaha, ana tuhumarsa da cewa an gan shi yana rawa, yana musantawa, ƙafarsa kuma na motsi da kanta. 'Yan mata na nasu, su Mairama da Daudu, suna kwaikwayon zaman aure da rigingimunsa a tsakar gidan mutane, a gaban matan da ake kwaikwaya. A sauran watanni goma sha ɗaya, yaron da ya kwaikwayi malamin unguwa ko dattijon layi zai sha dukan da ba zai manta ba. A waɗannan darare kuwa, wanda aka kwaikwaya shi ne zai sa hannu a aljihu ya ba da sadaka, ko uwar gida ta ɗebo hatsi a kwano.

Uban tafiyar shi ne Nalako, Sarkin Gwagwaren Kano. Sarauta ce sosai, wadda fada ta san da zamanta, ana kuma gadonta. Nalako kan fito cikin shiga irin ta mayaƙan da, fatu da layu da guraye sun rufe jiki, ga igiya, ga makaɗa da zugar yara a baya. Sai dai wannan gwarzo ba kafiran dutse zai yaƙa ba, ba kuma 'yan fashi ba. Farautarsa gwauro, mutumin da ya taɓa aure, matar ta tafi, ya zauna haka nan. In aka kama shi, a ɗaura masa igiya, a rataya masa ludayi da muciya da tsohuwar tukunya, alamar shi ke dafa wa kansa, a zaga da shi ana kiɗa har sai ya fanshi kansa ko ya yi alkawarin aure. Kafin wata ya ƙare, ayarin kan dangana da Gidan Rumfa, fadar da Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya gina, a yi gaisuwa, a karɓi kyauta.

Duk wanda ya dubi wannan da idon basira zai ga aikin da yake yi. Birni ne da ke ɗaukar zaman namiji ba iyali a matsayin matsala ta jama'a, amma babu alƙalin da zai ɗaure mutum don bai yi aure ba. Sai aka miƙa shari'ar ga mai ban dariya, aka ba shi kwana ashirin ya zartar da ita.

'Yan kama su ne suka mai da abin sana'a ta duk shekara. A bakin kasuwar Kurmi ko a gidan biki, ɗan kama zai tsaya da shiga ta kamala, ya gyara murya kamar mai shirin jan baƙi ko fassara, jama'a su nutsu, sai a ji duk karatun ya koma kan tuwo da miyar kuka da fura da nono. Yakan ɗauki waƙar wani shahararren makaɗin fada, ya bar karin yadda yake, ya cire sunan basarake ya sa na ƙosai ko ɗanwake. Baturen nan C. G. B. Gidley ya yi nazari a kan 'yankamanci a 1967, Graham Furniss kuma ya ba su gurbi a littafinsa na 1996 kan adabin Hausa. Da za a haɗa ɗan kama da Matter-Eater Lad, da an ga cewa tunanin mai da ci ya zama jarumta ya daɗe a ƙasar Hausa.

Da boko ya zo, gwarzo da wawa suka shiga takarda a rana ɗaya. Gasar da Rupert East na Hukumar Fassara ya shirya a Zariya a 1933 ita ta haifar da Ganɗoki na Bello Kagara, jarumin da ya gwabza da Turawa da aljanu, ita ce kuma ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam. A cikin na biyun, abin da masu karatu suka fi riƙewa ba neman ruwan ba ne, ramuwar gayya ce tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, yau wannan ya jefa wancan a masifa, gobe wancan ya rama. Daga Zariyar ne kuma littafin zane na Sauna Jak ya fito, wanda waɗanda suka yi firamare a da ke tunawa da shi har yau.

Jaruman mujallu na waje ma sun leƙo. Daga 1968 zuwa 1972, mujallar African Film ta kamfanin Drum ta riƙa kawo Lance Spearman, ɗan ƙwalisa mai malafa da sigari, wanda ke tarwatsa gungun ɓarayi shi kaɗai, 'yan sakandare na karɓa hannu da hannu. A 1975 aka ƙirƙiro Powerman musamman don kasuwar Nijeriya, Dave Gibbons da Brian Bolland na Ingila suka zana shi. A Legas, Wale Adenuga ya fito da Ikebe Super a 1976, inda Papa Ajasco mai sanƙo ya yi suna. Duk da haka babu ɗayansu da ya kafa gida a cikin birni. Da Turanci suke magana, sannan barkwancin Bahaushe a murya yake zaune: tsamin bakin Gizo, jan baƙin ɗan kama, amshin 'yan tashe. Takarda ba ta iya ɗaukar waɗannan.

Rediyo da talabijin su suka iya. Daga Kaduna, Usman Baba Pategi, wanda ya yi aikin soja na gaske har da yaƙin basasa, ya zama Samanja Mazan Fama, mai gashin baki da tsawa da Hausar bariki, yana sa mutane dariya da kakin soja a zamanin da sojoji ke riƙe da ƙasa. Ya rasu a Nuwamba 2023. Kasimu Yero ya yi tashe a Karambana, Karkuzu ya fito daga Jos. A Kano, gidajen talabijin, ciki har da CTV da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa a farkon shekarun 1980, wanda yanzu ake kira ARTV, sun kawo su Kuliya Manta Sabo da Hankaka da Ɗan Magori. Yara kan cika zauren mai talabijin ɗaya a layi, a kalla, a watse. Har a lokacin, wasa yana da ranarsa da sa'arsa, yana kuma da shugabannin tasha da ke tace shi.

Kaset ɗin bidiyo ne ya tsinke wannan igiya. Bayan Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, kasuwar Ƙofar Wambai ta zama cibiyar dillancin finafinan Hausa, masu sana'ar kuma suka raba su gida biyu: na soyayya da waƙa, da na barkwanci masu arhar shiryawa da suke kira camama. Sarkin camama shi ne Rabilu Musa, Ɗan Ibro, haifaffen Ɗanlasan ta ƙaramar hukumar Warawa a 1971, wanda ya bar aikin gandiroba ya kama wasa. Da hula a karkace da idanu a zare, Ibro ya ɗauki halin Gizo kacokan, tsoro da kwaɗayi da cika baki, ya sa masa rigar duk wanda duniya ke magana a kansa. Ya yi Ibro Awilo lokacin da kiɗan mawaƙin Kwango Awilo Longomba ya cika gari. Ya yi Ibro Usama bayan harin 11 ga Satumba 2001, a daidai lokacin da ake sayar da hotunan Usama bin Ladan a titunan Arewa. Ɗan tashe ne da ba ya jiran azumi, wanda kuma wasansa ke shiga ɗakin kowa a kowace sa'a.

Nan ne tambayar iyaka ta taso da ƙarfi. An kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, bayan ƙaddamar da shari'a. A 2008, zamanin shugabancin Abubakar Rabo Abdulkarim, kotun tafi-da-gidanka ta yanke wa Ibro ɗaurin wata biyu kan fim ɗin Ibro Aloko. Gari ya rabu: masu cewa ya wuce gona da iri, da masu cewa an taɓa bakin talaka. Da ya rasu a Disamba 2014, ɗimbin jama'ar da suka yi jimaminsa sun nuna matsayin da yake da shi a zukata. Su Bosho da Daushe da Ɗan Auta suka ci gaba da riƙe fagen, shirye-shirye irin su Gidan Badamasi na tashar Arewa24 suka mayar da shi talabijin, yanzu kuma matasa na yin nasu a TikTok da YouTube ba tare da jiran dillali ba.

Abin da ya fi damun mai kishin birnin shi ne halin da tushen ke ciki. A 'yan shekarun nan rundunar 'yan sandan jihar ta sha dakatar da tashe, saboda 'yan daba da masu ƙwacen waya da ke fakewa da shi. Dalilin na gaskiya ne, amma asarar ma ta gaskiya ce, domin tashe ne makarantar da yaron Kano ke koyon kwaikwayo, da haɗa amshi, da sanin inda raha ke tsayawa kafin ta zama cin mutunci. Masu unguwanni da dagatai da 'yan sintiri za su iya tsare wa yara layukansu na 'yan sa'o'i bayan tarawihi. ARTV da gidan tarihi na Gidan Makama da Jami'ar Bayero za su iya haɗa hannu su adana tsofaffin kaset na su Kuliya, su kuma naɗi bayanin gidan Nalako daga bakin masu shi. Matasan da ke zane a kwamfuta kuwa, waɗanda suka ga yadda kamfanin Comic Republic na Legas ya ƙirƙiro jarumansa tun 2013, suna da Gizo da Jatau da Malam Zurƙe da Sarkin Gwagware a ƙofar gida, kuma fasahar zane mai motsi ta ba su damar haɗa hoton da muryar da takarda ta kasa ɗauka.