Kano da Yokohama: Tarihin Tashoshi Biyu

Na san wasu daga cikin masu karatu, musamman malamanmu, za su ce wannan ɗalibi ya rasa abin rubutawa ne, in ba haka ba me ya haɗa kifi da kaska? Ita Yokohama tana bakin teku ne a ƙasar Japan, kudu da birnin Tokyo, jiragen ruwa na shiga suna fita dare da rana. Mu kuwa a cikin birni, in ka ɗebe Jakara, wadda ko kwalekwale ba ya bin ta, ba mu da wani ruwa, kuma tsakaninmu da teku kimanin mil 700 ne ta hanyar dogo. To, a yi mini haƙuri a ji hujjata.

A ganina ba ruwa ne ke mai da gari tasha ba. Tasha ita ce inda kaya ke sauka daga wani abin hawa su hau wani, inda baƙo ke samun masauki da dillali da tafinta, inda kuma mai mulki ke karɓar rabonsa. Larabawa sun riga mu gane wannan, don kuwa kalmar nan Sahel da ake kiran yankinmu da ita daga Larabci take, ma'anarta gaɓar teku. Wato hamada ce tekun, raƙumi ne jirgin, Kano kuwa tana cikin manyan tashoshin da ke wannan gaɓa.

Bari in fara daga gida. Ni ɗan Zaitawa ne, kuma ana danganta sunan unguwarmu da Abdurrahman Zaite, shugaban Wangarawan da suka zo daga Mali. Kundin tarihin Kano ya sa zuwansu a zamanin Sarki Yaji (1349 zuwa 1385), wani littafin kuma na asalin Wangarawa ya sa shi a zamanin Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499). Wannan gardama ta masana ce. Abin da ya shafi maganata shi ne, mutanen nan baƙi ne, malamai da 'yan kasuwa, aka ba su wuri a cikin ganuwa suka zauna. Ba su kaɗai ba ne. Duk wanda ya taka da ƙafa daga unguwarmu ya ratsa ta Kurmi, kasuwar da Rumfa ya kafa, zai yi ta cin karo da sunayen da ke ba da labarin kansu: Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Agadasawa, Ayagi ta Yarbawa, Sharifai, da Dandalin Turawa, su Turawan nan kuwa Larabawa ne, domin da su aka fara kira da wannan suna kafin zuwan Nasara. Alfindiki ma daga kalmar Larabci ta masaukin fatake aka samo ta. Yau jikokin waɗannan mutane duk Kanawa ne, ba mai tambayar su takardar zama.

Me ake saukewa a wannan tasha, me ake lodawa? Daga arewa, ta Tarabulus da Gadamas da Gat da Agadas, ana kawo alharini da takarda da madubi da allura da takubba da duwatsun ado, ga kuma kantun gishiri na Bilma. Daga Gwanja fatake na kawo goro a kan jakuna. Kyaftin Clapperton da ya zo a 1824 har laimar Ingila ya tarar ana sayarwa a Kurmi, shekara kusan tamanin kafin Ingilishi su ci garin. Amma abin da ya fi muhimmanci shi ne kayan da ke fita. Heinrich Barth, wanda ya zo a 1851, ya kimanta mutanen birnin da 30,000, ya ce sukan ninka lokacin da ayari ke shigowa, sa'an nan ya kimanta tufafin da Kano ke sayarwa waje da wuri miliyan 300 a shekara, ya ce wannan ma mafi ƙaranci ke nan. Audugar tamu ce, mata suka kaɗa ta, masaƙa suka saƙa, marina suka rina da baba, mabuga suka buga, sa'an nan turkuɗin Kura ya tafi har Tambutu da Murzuk. Ga jima da dukanci, takalma da fatu. Wato ƙasar Kano sarrafaffen kaya take fitarwa, ba ɗanye ba. Ba kuma zan ɓoye ba, akwai wani kaya da ke bin wannan hanya wanda ba abin alfahari ba ne, wato bayi. Barth ya kimanta waɗanda ake fitarwa daga Kano da kusan 5,000 a shekara. Ɗalibin tarihi da ya ƙirga turkuɗi ya tsallake wannan bai yi adalci ba.

To, a wannan lokaci da Barth ke yawo a Kurmi, mece ce Yokohama? Ƙauyen masunta ne mai gidaje wajen ɗari. Japan ta yi fiye da shekara 200 a rufe, cikin Turawa ba wanda aka yarda ya yi ciniki da ita sai mutanen Holan, su ma an tsare su a wani ɗan tsibiri, Dejima, a Nagasaki. A 1853 Kwamanda Perry na Amurka ya zo da jiragen yaƙi, a 1854 aka sa hannu a yarjejeniya, a 1859 aka buɗe Yokohama ga baƙi. Hukuma ta keɓe musu unguwa, ta sa ƙofofi da masu gadi, kuma wata yarjejeniya ta daban ta hana alƙalan Japan yi wa baƙin shari'a. Babban abin da ake fitarwa zaren alharini ne, cinikinsa da ƙasashen waje kuwa yana hannun kamfanonin Turawa. Duk wanda ya san tarihin kantunan Turawa a Kano zai ga kamar labarin gida ake ba shi.

Akwai wani abin mamaki da ya haɗa mu. Hanyar jirgin ƙasa ta farko a Japan an buɗe ta a 1872 tsakanin Tokyo da Yokohama, injiniyoyin Ingila suka shimfiɗa ta, faɗinta ƙafa uku da inci shida. Dogon da ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga jama'a a 1912, shi ma faɗinsa ke nan daidai. Ƙarfe iri ɗaya, amma aikin da ya yi daban. Japanawa, bayan juyin mulkin Meiji na 1868, sun tashi haiƙan su ƙwace tasharsu daga hannun baƙi. Sun kafa masana'antar alharini ta Tomioka a 1872, suka kafa banki a Yokohama a 1880 don canjin kuɗin waje ya bi ta hannunsu, suka kafa kamfanin jiragen ruwa na NYK a 1885, a 1899 kuma aka soke gatan nan na baƙi. Mu kuwa dogo ya same mu shekara takwas bayan faɗuwar Kano a watan Fabrairu na 1903, ba mu da ta cewa a kan inda zai nufa. Sai ya juya fuskar garin daga arewa zuwa kudu. Ayarin Tarabulus, wanda dama ya fara rauni, ya mutu. Kano ta tashi daga gaɓar teku ta koma can ƙarshen layi, Ikko ta zama tasha.

Ba na cewa ba a sami arziki ba. Turawa auduga suka so, manoma suka zaɓi gyaɗa, tun daga kakar 1912, kuma tsofaffin fataken goro irin su Alhassan Ɗantata (1877 zuwa 1955) suka juya jarinsu da yaransu zuwa sayen ta, har aka yi dalar gyaɗa da muke gani a hotuna. Amma a lura, dalar nan buhuna ne ke jiran taragu, ɗanyen kaya ne da za a matse a wata ƙasa, farashinsa kuma ba a Kurmi ake yanka shi ba. Baƙin wannan zamani ma ba a shigo da su cikin ganuwa ba, an ajiye su a Sabon Gari da Fagge da Nasarawa. Garin da ya saba haɗiye baƙo sai aka koya masa zama da shi ta bayan katanga.

A nan ne ma Japan ta shigo kasuwarmu da kanta. Farkon shekarun 1930 yadin Japan mai araha ya cika kasuwannin Afirka ta Yamma, har masaƙun Lancashire suka koka, a 1934 gwamnatin Ingila ta ƙayyade yawan wanda za a shigo da shi. Talakan Kano ba a tambaye shi ba, masaƙin Kano kuwa ko wane ne ya ci, shi ne a ƙasa. Bayan mulkin kai, kamfanonin Japan suka sa jari a masaƙar Arewa da ke Kaduna, babura da motocinsu suka cika titunanmu. Kamfanin jiragen ruwa na Nijeriya da aka kafa a 1959 kuwa an rushe shi a 1995.

Wanda ya je Yokohama yau, me za a kai shi ya gani? Girgizar ƙasa ta 1 ga Satumba 1923 ta rushe garin, jiragen yaƙin Amurka suka sake ƙone shi a watan Mayu na 1945. Duk da haka ɓaraguzan girgizar ƙasar da su aka cike bakin teku aka yi lambun Yamashita, wanda aka buɗe a 1930, a gefensa kuma an ɗaure tsohon jirgin fasinja Hikawa Maru ana shiga kallo. Rumbunan kwastan guda biyu na jan bulo, na 1911 da na 1913, an daina ajiye kaya cikinsu a 1989, ba a rushe su ba, aka gyara aka sake buɗe su a 2002, yanzu kantuna ne da zaurukan taro. Ginin bankin nan na canji ya zama gidan tarihi. Ga unguwar Sinawa, ga lambun Sankeien da wani attajirin alharini ya buɗe wa jama'a a 1906. In baƙo yana da sauran ƙarfi ya hau jirgin ƙasa zuwa Kamakura ya ga ƙaton gunkin Buddha na tagulla da aka fara ƙerawa wajen 1252.

Mu ma in na yi baƙo ba na rasa inda zan kai shi. Mu hau Dala ya ga birni a tafin hannunsa, mu sauko Kurmi, mu je Gidan Makama, mu ƙarasa karofin Ƙofar Mata da ake cewa tun 1498 ake rini a cikinsa. Sai dai a karofin zai ga rijiyoyin da aka bari sun fi waɗanda ake aiki da su yawa. Ganuwar da Sarki Gijimasu (1095 zuwa 1134) ya fara, wadda aka sa cikin jerin wucin gadi na UNESCO a 2007, a wurare da dama sai in nuna masa gidaje da shaguna in ce nan take da. Ba girgizar ƙasa aka yi mana ba, ba kuma bam aka jefo ba. Wani zai ce ai su bulo ne, mu ƙasa ce, ruwan sama na cin ta. Gaskiya ne, amma ƙasar nan ta yi ɗaruruwan shekaru a tsaye lokacin da ake fita aikin gayya ana yaɓe ta. Ni dai ina ganin ƙofofin da aka rushe aka sake ginawa da siminti don faɗaɗa hanya, sunan ne kawai ya rage musu.

A watan Janairu na 2023 aka buɗe tashar tsandauri ta Dala a Zawaciki, cikin ƙaramar hukumar Kumbotso, domin ɗan kasuwa ya gama da kwastan a nan gida ba sai ya je Apapa ba. Tun 2021 kuma aka ƙaddamar da aikin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, wato wajen da ayari ke bi da. Sunan tasha dai ya dawo wa Kano a hukumance. Da na dubi kayan da ƙasar nan ke turawa waje yanzu, sai na ga riɗi da zoɓo da citta da ake tarawa a kasuwar Dawanau, akasarinsu a buhu, ɗanyu, kuma Japan na cikin manyan masu sayen riɗin, can ake matse shi a zuba a kwalba.