Ganuwa, Lamba da Taga: Sunayen Wata Unguwa a Amstadam

Baƙi masu yawon buɗe ido suna kiranta unguwar jar fitila, saboda karuwancin da ake yi a cikinta. Mutanen Amstadam kuwa De Wallen suke cewa, wato ganuwoyi. Sunan ya samo asali ne daga tudun ƙasar da aka taɓa yi don kare tsohon garin. Har yau titunan da ke bin gaɓar ruwan unguwar suna ɗauke da shi: Oudezijds Voorburgwal da Oudezijds Achterburgwal, gaban ganuwa da bayan ganuwa. Bakano zai gane wannan lissafi nan take, don shi ma da badala yake raba birni da waje.

Abin da ya ja hankalina shi ne babu ja, babu mace, babu ciniki a cikin sunan. Gini ne kawai na tsaro. A tsakiyar unguwar ma Oude Kerk take, majami'ar da ta fi kowane gini a birnin tsufa.

Da hukuma ta tashi gyara wurin a 2007, sai ta kauce wa sunan, ta ɗauko lambar aika wasiƙa ta yankin, ta ce Shirin 1012. Lamba ba ta jin kunya, ba ta kuma tuna wa kowa cewa akwai masu neman abinci a wurin. Da ita aka rufe da yawa daga tagogin da mata ke jiran abokan ciniki a bayansu, wasu aka mai da su ɗakunan masu zanen tufafi.

Sai batun ƙaurar da sana'ar daga unguwar. A watan Disamba na 2023 magajiyar garin, Femke Halsema, ta zaɓi titin Europaboulevard a kudancin birnin don gina abin da ake kira erotisch centrum, mai ɗakuna ɗari. Ku lura da centrum: cibiya. An sa wa wurin suna cibiya, alhali daga cibiyar gari ake son fitar da shi.

Ƙaura irin wannan ta taɓa faruwa a Japan. Bayan gobarar 1657 aka kwashe unguwar Yoshiwara zuwa gefen birnin Edo, ta tafi da sunanta, aka ƙara masa shin, wato sabuwa. Wallen ba zai ɗauku haka ba, tunda ganuwa ba ta tashi.

Su kansu matan fa? Mu a Hausa muna da karuwa, mai zafi. Muna da kilaki, wadda ta fito daga kalmar Ingilishi ta akawu. Muna kuma da mata masu zaman kansu, wadda ita ce ta fi sakaya zance. A Holan, inda aka ɗage haramcin gidajen wannan sana'a a 2000, hukuma sekswerker take rubutawa, kalmar da ke jingina lamarin ga aiki. Wata Ba'amurkiya, Carol Leigh, ce ta ƙago asalinta da Ingilishi.

Amma kalmar da ta fi yawo a bakin matan da ke adawa da ƙaurar ita ce raam, taga. Gilashi ne mai tsawon ƙofa, da jan labule, da kujera mai dogayen ƙafafu a bayansa. Daga nan mace take duban mutum tun yana kan titi, ta yanke shawarar buɗewa ko ƙi, masu wucewa kuma suna gani. Suna cewa a dogon bene a gefen gari, wannan idon jama'a ne za su rasa.