Fitilar Kakana da Dokar Landan

Da kakana ya rasu, abin da ya faɗo a rabona bai wuce wata tsohuwar fitilar goshi ba, wadda tsatsa ta cinye gefenta, da kuma ƙahon da yake zuba albarushi. Bindigar tokarsa tuni wani kawuna ya ɗauke. Tun ina ƙarami na san labarin fitilar nan, domin sau da yawa Kaka yakan ce mini shekara da shekaru ba a ɗaki take kwana ba, a ƙarƙashin rumbu yake ɓoye ta don gudun malamin daji. Nakan tsokane shi in ce, "Kaka, ashe dai kai ɓarawo ne?" Sai ya yi dariya ya ce, "Ja'iri, gonar tawa ce, gyaɗar tawa ce. Wa na sata?"

Wannan tambaya tasa ita ta sa na shiga bin diddigin yadda aka yi manomi mai tsaron gonarsa da dare ya zama mai laifi.

A zamaninsa gyaɗa ita ce kuɗin haraji. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, nomanta ya zama hanyar da talaka ke sauke nauyin En'e a kansa. To amma gafiya da beguwa ba su san haraji ba. Da dare suke fitowa su tone abin da aka yi wata huɗu ana wa wahala. Saboda haka Kaka yakan ɗaura fitila a goshi, ya saɓa bindiga, karyarsa na gaba tana shinshina. Idan haske ya daki idon dabba sai ya ƙyalla, ta tsaya cak kamar an dasa ta. In ƙarama ce karya ta gama da ita, in mai ƙaya ce sai bindiga. Bai taɓa jin yana saɓo ba, don malamai sun karantar da shi cewa Musulunci ya yarda a ajiye kare domin farauta ko kiwo ko tsaron gona, kuma Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da horarriyar dabbar farauta ta kamo.

Da na bi sawun hanin, sai ya kai ni Ingila, inda aka shafe fiye da shekara ɗari biyu ana wannan rigima tun kafin a haifi Kaka. A 1671 majalisarsu ta yi dokar da ta keɓe farauta ga masu ƙasa. Duk wanda filinsa ba ya kawo masa fam 100 a shekara, ba shi da ikon ajiye bindigar farauta ko karen farauta, kuma an ba masu gadin dajin attajirai ikon ƙwace su. Talakan da rana ta gagare shi sai ya koma dare. Yakan fita da wani kare ruwa-biyu, ɗan karen tsere da karen kiwo, mai gudu kuma mara haushi, ya kamo zomo ya kawo gida ba tare da kowa ya ji ba. Hukuma ta ƙara matsa lamba. A 1723 aka kafa dokar da ake kira Baƙar Doka, wadda ta yanke hukuncin kisa a kan wanda aka kama cikin gandun daji da makami ya shafe fuskarsa da baƙi. Dokar 1828 kuwa ta fayyace mene ne dare: daga awa ɗaya bayan faɗuwar rana zuwa awa ɗaya kafin fitowarta. Wanda aka kama sau uku yana farauta a wannan tsakani, ana iya korarsa zuwa ƙetaren teku har shekara 7, kuma a lokacin Ostareliya ake kai irin waɗannan fursunoni.

Wanda ya fi shan wuya shi ne manomin da ke noma filin haya. Yana kallo zomayen mai fili na cinye masa alkama, amma ba shi da ikon taɓa su. Sai a 1880 aka ba shi 'yancin kashe zomon da ke ɓarna a gonar da yake nomawa. Ko a nan ma an ɗaure masa hannu ɗaya, domin dokar ta hana shi harbi da bindiga da dare, alhali da dare ne ɓarnar take aukuwa.

Da wannan tunani Turawa suka shigo Afirka. A watan Mayu na 1900, wata biyar kacal bayan Lugga ya kafa tutar Ingila a Lakwaja, ƙasashen Turai masu mulkin mallaka suka rattaba hannu a Landan kan yarjejeniyar kare namun dajin Afirka. Sun raba dabbobi aji-aji: waɗanda za a kare, da waɗanda suka kira masu cutarwa da ya kamata a rage, irin su zaki da damisa da kura da kyarkeci da gwaggon biri da kada. Ba a tambayi Sarkin Baka ko Sarkin Dawa na kowane gari ba, duk da cewa su ne ke da masaniyar lokacin shiga daji da lokacin barinsa ya huta. Yarjejeniyar ba ta fara aiki sosai ba, amma a kan tafarkinta Nijeriya ta samu dokar kare namun daji a 1916. A 1933 aka sake zama a Landan, kuma cikin hanyoyin farautar da aka nemi gwamnatoci su hana har da guba da kewaye dabba da wuta da kuma haske mai kashe ido. A nan na tarar da fitilar Kaka, an yanke mata hukunci a birnin da bai taɓa gani ba. Shi kuwa, kamar zomo, bai yi fushi da makashi ba sai da maratayi: har ya rasu malamin daji yake ɗora wa laifi.

Da farko na ɗauka na gama shari'a, Kaka ya yi nasara. Sai na tuna wata magana tasa da ban ba muhimmanci ba a da. Ya ce lokacin da fitila ta yawaita, samari suka daina tsayawa bakin gona, suka riƙa kutsawa daji suna harbin duk idon da ya ƙyalla, mai ciki ne ko mai shayarwa, don kai nama kasuwa. Fitila ba ta nuna wa maharbi jinsin dabba, ido kawai take nunawa. Yau a ƙauyenmu yaro zai girma har ya yi aure bai ga barewa ba. Wanda ke son ganin giwa ko ɓauna sai ya tafi Yankari, wadda aka keɓe a 1956 aka buɗe wa jama'a a 1962. Ba don an keɓe ta ba, da wuya a ce sun kai yau. Ashe masu dokar sun hango wata gaskiya. Kuskurensu shi ne sun sa mai tsaron gyaɗarsa da mai kwashe daji a ma'auni ɗaya, kamar yadda kakanninsu suka yi wa manoman Ingila.

Ita Ingila daga baya ta gyara nata. Cutar da ta ɓulla a 1953 ta kashe kusan duk zomayen ƙasar, kuma dokar 1954 ta wajabta wa mai riƙe da fili ya hana su sake yaɗuwa. Abin da a da laifi ne ya zama wajibi. A 2004 aka haramta farautar dila da garken karnuka, wasan da manyan ƙasar suka gada, amma aka bar farautar zomo da ɓera da kare muddin mai fili ya yarda. Yau mutum kan fita cikin dare da fitila da kare ko bindiga mai lasisi, da izinin manomi, ya rage masa ɓarna a fili ba a ɓoye ba.

Mu kuwa mun gaji hanin, ba mu gaji gyaran ba. Dokar namun daji ta Jihar Arewa ta 1963 ta ci gaba da tsarin lasisi da jerin dabbobin da aka kare, amma har yanzu manomin da gafiya ta dama da ɗan kasuwar naman daji duhu ɗaya suke shiga, ba mai bambanta su. A ganina maganin yana hannun waɗanda aka tsallake a 1900. Ƙungiyoyin mafarauta suna nan da shugabanninsu, sun san wanda ya fita tsaron gona da wanda ya fita neman kuɗi, kuma maganarsu tana da nauyi a wurin yaransu fiye da takardar ofis.

Fitilar tana rataye a ɗakina. Da Kaka zai sake tambayata wa ya sata, zan ce masa bai saci gyaɗar kowa ba. Amma zan nemi ya ƙirga mini barewa nawa ya bari a dajin da ya tarar cike da su.