Yadda furotin ke sauya siffa domin sarrafa aikinsa a jiki

Enzayim nau'in furotin ne da ke hanzarta haɗuwa da rabuwar sinadarai a jikin halittu. Daga cikinsu akwai rukunin da masana ke kira alosterik, kalmar da ta samo asali daga harshen Girka, mai nufin wata siffa dabam. Irin wannan enzayim yana da gurbi biyu: ɗaya na kama sinadarin da zai sarrafa, ɗayan kuma na karɓar sinadarin da ke ba shi umarni. Da zarar mai umarnin ya sauka a gurbinsa, sai enzayim ɗin ya sauya siffa, aikinsa ya ƙaru ko ya ragu. Ta haka ne ƙwayar halitta ke dakatar da ƙera abin da ya riga ya wadata.

Galibin waɗannan furotin sassa ne da dama manne da juna. A shekarar 1965, Jacques Monod da Jeffries Wyman da Jean-Pierre Changeux suka bayyana cewa sassan kan juya gaba ɗaya tsakanin hali biyu: ɗaurarre, wanda ke wahalar kama sinadari, da sakakke, wanda ke kamawa cikin sauƙi. A 1966 kuma Daniel Koshland da abokan aikinsa suka nuna cewa sassan na iya sauyawa ɗaya bayan ɗaya, kowanne yana jan na kusa da shi.

Misalin da ya fi fito da wannan haɗin gwiwa fili shi ne himoglobin na jajayen ƙwayoyin jini. Ko da yake ba enzayim ba ne, tsarinsa iri ɗaya ne da nasu. Sassa huɗu gare shi, kowanne da ƙwayar ƙarfe guda mai kama iskar oksijin. Kama ta farko ce mai wuya, amma idan ta samu, sai siffar ta fara sakewa, sauran su bi cikin sauƙi. Shi ya sa yake cika da iskar a huhu, sannan ya sake ta a tsokar da ke aiki. Tun 1904 Christian Bohr ya gano cewa yawan iskar kabon a jini yana ƙara sa himoglobin sakin oksijin.

Wannan ilimi ya shafi Nijeriya kai tsaye, domin ita ce ke kan gaba a duniya wajen yawan masu cutar sikila, wato amosanin jini. Himoglobin na mai cutar ya bambanta da na sauran mutane a wuri ɗaya tak. Sai dai idan ya saki oksijin ya koma ɗaurarre, ƙwayoyinsa kan manne da juna su yi dogon zare, jar ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje ta toshe ƙananan jijiyoyi. Wannan ne dalilin da ya sa ƙarancin oksijin da zazzaɓi da ƙarancin ruwa a jiki ke tayar da ciwon.