Daga Silima zuwa Tsakar Gida: Tarihin "Ranar Indiya" a Bikinmu

Maƙalar wannan mako daga gidanmu ta taso. 'Yar kawuna da za a aurar daga Bungudu zuwa Tsafe ta rubuto jerin shagalin bikinta: kamu, sa lalle, walima, sai ta saƙala "ranar Indiya" a tsakiya, kowace ƙawa da sari da awarwaro har gwiwar hannu. Gwaggonta ta ce wannan bidi'ar 'yan waya ce. Kawu, da kuɗin za su fito daga aljihunsa, murmushi kawai ya yi, don ya san da ƙuruciyarsa sau nawa ya hau mota zuwa Gusau kallon Indiya.

Abin ya girmi waya nesa ba kusa ba. Tun shekarun 1950 'yan kasuwar Labanan, waɗanda iyayenmu ke kira Kwarori, suka fara kawo finafinan Indiya gidajen silima na Arewa. Gusau, da jirgin ƙasa ya iso ya mai da ita garin cinikin gyaɗa da auduga, ta samu nata rabon. Mother India na 1957 ya shafe shekaru ana maimaita shi. Jaruman ma sai da aka raɗa musu sunan gida: Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt ya zama Ɗan Daba Mai Lasin. Ba jin harshen ake ba, amma ana gane labarin: uba ya hana 'yarsa wanda take so, talaka ya nemi 'yar mai kuɗi, mace ta yi lulluɓi tana jin nauyin surukai. Wa zai ce bai san wannan a unguwarsu ba?

Sai dai silima wurin maza ce, matar kirki ba ta taka ta. Shi ya sa tsawon shekarun nan Indiya ba ta shiga gidan biki ba, domin shagalin biki na mata ne. Bidiyo ne ya buɗe ƙofar. Turmin Danya ya fito a Kano a 1990, daga baya irin su Sangaya suka zo da rawa da waƙa tsakanin saurayi da budurwa, ana kallo a ɗakin uwargida. Da aka ƙaddamar da Shari'a a Gusau a watan Oktoba na 1999 aka rufe silimomin Zamfara, amma kaset na nan, faifai ya biyo, sannan fassarar Algaita ta sa Ba'indiye yana zuba Hausa a wayar kowace budurwa. A ganina nan ne ranar Indiya ta samo asali.

Ku lura da abin da aka ɗauka da wanda aka bari. An ɗauki tufafi, gwalagwalai da rawa. Ba wanda ya ɗauki zagaya wuta, ɗaurin aure yana nan hannun waliyyai da shaidu. Lalle kuwa kada marubuci ya yi kuskuren cewa daga Indiya muka aro shi. Kakanninmu sun yi ƙunshi da zunguru tun ba a san silima ba, zanen fulawa ne sabo.

Inda nake da ja shi ne kuɗi. A Indiya gidan amarya ke biyan dukiyar aure, nauyin da ya sa gwamnatinsu ta haramta shi a 1961 bai kuma mutu ba. Mu ango ke biyan sadaki da lefe, amma kayan ɗaki da gara na kan uban amarya, ranar Indiya ma kansa ta faɗa: mai kwalliya, mai ado da fili, mai kiɗa. Labaran soyayya da yawa da nake karantawa a wannan zaure suna kwatanta sarin amarya shafi biyu, ba layi ɗaya kan wanda ya sayar da buhunan masara ya saya shi.

A gidanmu dai an daidaita. An haɗe ranar Indiya da sa lalle a tsakar gida, mata zalla, ƙawaye su yi anko da gyale mai duwatsu, sari na amarya kaɗai. Kawu ya gindaya sharaɗi ɗaya: a gama komai ranar jajibiri, domin motocin kai amarya su bar Bungudu da hantsi, su wuce Gusau su isa Tsafe kafin la'asar, saboda halin da hanyar take ciki.