Sauyin ma'anar kalmomin naƙasa

Sauyin ma'anar kalmomin naƙasa shi ne yadda kalmar da aka ƙirƙiro don bayyana wata lalura ta jiki ko ta ƙwaƙwalwa take komawa zagi bayan wasu shekaru, har a nemi wata a maye gurbinta. Masana ilimin ma'ana suna saka shi cikin lalacewar ma'ana. Masanin harshe Steven Pinker ya kwatanta shi da injin motsa jiki da mutum ke ta gudu a kai ba tare da ya gusa ba, domin ƙyamar da ke zukatan mutane takan bi sabuwar kalma ita ma ta ɓata ta.

A Turanci

A shekarar 1910 masanin halayyar ɗan Adam Henry H. Goddard na Amurka ya ƙirƙiro kalmar "moron" daga Girkanci, don babban mutum mai tunanin yaro ɗan shekara 8 zuwa 12. A ƙasa da ita akwai "imbecile" da "idiot". Dukansu kalmomin likita ne a lokacin, a yau kuwa zagi ne zalla. Aka maye gurbinsu da "mental retardation", ita ma ta koma abin tsokana, har shugaba Barack Obama ya sa hannu a dokar Rosa a 2010, wadda ta cire ta daga dokokin tarayya da dama. A Birtaniya, ƙungiyar Spastics Society ta koma Scope a 1994 saboda yara sun mayar da tsohon sunan zagi.

A Hausa

Makaho, gurgu, kurma, bebe da kuturu tsofaffin kalmomi ne, kuma ba duka suka lalace daidai ba. Har yanzu ana naɗa Sarkin Makafi da Sarkin Kutare a masarautu, amma kiran mutum bebe ko kuturu a fusace cin mutunci ne. Ita kanta naƙasa daga Larabci take, inda tushenta ke nufin raguwa ko tawaya, shi ya sa wasu ba sa son a ce musu naƙasassu. Kafafen yaɗa labarai sun fi amfani da "masu buƙata ta musamman" da "mai lalurar gani", sai dai ta farkon ba ta fayyace kowace irin buƙata ake nufi ba, kuma akwai makafin da suka gwammace a kira su makafi kai tsaye.