Mabushin Detroit da ya zo Zariya neman ilmin sarewa

Wanda ya taɓa yin sallah a Matameye ko Kance, ko ya shiga Damagaram ranar hawa, ba sai an kwatanta masa muryar algaita ba. Tana tsaga hayaniyar taro ta iso kunne tun kafin a hango dawaki. Mai busar kuwa kumatu cike da iska, yana shaƙa ta hanci yana turawa ta baki, sautin bai yanke ba ko sau ɗaya. Mu da muka tashi da ita kallon kayan fada muke yi mata, mai ita kuma maroƙi, a ba shi ɗan abin da ya samu a wuce. Akwai wani mutumin Amurka da ya ɗauki irin wannan busa a matsayin ilmi, har ya kwashe shekara huɗu a ƙasar Hausa yana bin sawunta.

Sunansa na yanka William Huddleston. An haife shi a 1920 a Chattanooga, ya girma a Detroit, birnin ƙera motoci, inda ya koyi busa saksafon. A 1949 yana cikin ƙungiyar Dizzy Gillespie, ɗaya daga cikin manyan kiɗan jaz. A wajen wannan lokacin ya musulunta ta hannun jama'ar Ahmadiyya, ya koma Yusef Lateef, wato Yusufu Laɗifu a bakinmu.

Faifansa na fari da sunansa bai fito da wuri ba. Sai a watan Afrilu na 1957, yana da shekara 36, ya kwashi yaransa daga Detroit suka tafi ɗakin ɗaukar sauti na Rudy Van Gelder a Hackensack, suka naɗi kiɗan da kamfanin Savoy ya fitar da sunan Jazz Mood. Na ce yaransa don da gaske yara ne: mai ganga, Louis Hayes, bai cika ashirin ba. Akwai Curtis Fuller da kakakin Turawa mai zugewa, Hugh Lawson a kan fiyano, sai Ernie Farrow mai babban goge.

Abin da ya sa ake tuna faifan shi ne kayan da suka shigo da su. Ban da saksafon da sarewar Turawa, Lateef ya busa argul, wani abin busa na kara biyu a haɗe da manoman Masar da Falasɗinu suka daɗe da shi, ɗaya karan yana riƙe da amo guda, ɗayan yana rera waƙa. Farrow kuma ya ajiye babban gogensa a wasu wurare ya ɗauki rababa mai tsirkiya ɗaya, wadda duk Bahaushen da ya gan ta zai ce ƴar uwar kukuma ce. Detroit na da Larabawa ƴan ci-rani da yawa, kuma a wurinsu ya fara cin karo da waɗannan kaya, sauran kuma ya bi su a ɗakin karatu na birnin. A lokacin babu wani kanti da ke da rukunin da ake kira kiɗan duniya. Sai bayan shekara talatin ƴan kasuwar faifai suka raɗa wannan suna.

A ganina ƙarfin faifan yana cikin haƙurinsa. Kiɗan jaz na zamanin tsere ne, kowa na nuna saurin yatsa. Shi kuwa a waƙar Morning ya dasa amo ɗaya yana ta kewaya shi, kamar yadda mai gurmi ke zama kan zubi guda har sai ya ratsa jiki. Kunnen da ya saba da kiɗan gida ba zai ji baƙunci sosai ba a nan. Mutumin ma yana da barkwanci: a cikin wannan shekarar ya naɗi wata waƙa da kwalbar lemo da balan-balan.

Daga nan bai tsaya ba. Ya koyi obo, wadda bakinta biyu ne kamar na algaita, ya ɗauko shanai ta Indiya, ita ma dangi ce. Algaitar tamu ai sunanta ma ya nuna hanyar da ta biyo, don a Maroko gaita suke ce wa tasu. A 1961 ya naɗi Eastern Sounds, wanda ya fi duk faya-fayensa suna, ya yi aiki da mabushin saksafon Cannonball Adderley, ya kuma koma makaranta har ya sami digirin dakta a 1975 da bincike kan ilmin boko da na Musulunci. Kalmar jaz kanta ƙinta yake yi, yana ganin akwai raini a cikinta.

A 1981, yana da shekara sittin da ɗoriya, ya sauka Zariya a matsayin babban mai bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Najeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello, ya zauna har 1985. Abin da ya fi jan hankalinsa sarewa ce, ta Fulani makiyaya, wadda yaro ke yankowa a daji ya huda ya bi shanu da ita. Mutumin da ya cika manyan zaurukan Turai ya zauna gaban masu ita yana tambaya. A 1983 ya naɗi faifan In Nigeria a Legas tare da makaɗan ƙasar, kuma ɗaya daga cikin waƙoƙin sunan Hausa ya sa mata, ruwa mai zurfi. Shi da Ziky Kofoworola suka rubuta littafi kan wasanni da kiɗan Hausawa, ya fito a 1987.

Ya koma gida ya ci kyautar Grammy, ya ci gaba da koyarwa a Massachusetts, ya rasu ranar 23 ga Disamba 2013 yana da shekara 93.

Faifan 1957 yana nan, duk mai waya zai iya lalubo shi a intanet yau ya ji argul ɗin da aka busa shekara sittin da wani abu da suka wuce. Taken sarakunanmu da masu algaita ke riƙe da su a ka, yawancinsu babu inda aka adana su sai a bakin dattawan da ke busa su. Masu gidajen rediyon karkara na yankin Kance da ɗaliban jami'ar Damagaram, kafin sallah mai zuwa ku je gidan sarkin busa da na'urar ɗaukar murya, ku tambaye shi sunan kowane take da wanda ya koya masa.